Ku Gyara Lambar Ciwona Kafin Kwamiti Ya Zauna

Zuwa ga Sakataren asibitin kuɗi da ke duba ma'aikatan kamfaninmu a Funtua,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ban ambaci sunanka ba, ban ambaci sunan asibitin ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Ka san kanka, kuma ka san ni. Ni ne Isyaku Garba na Tsiga, akawun awo, mutumin nan mai jan babur da ya zo ofishinka sau bakwai tun daga watan Sha'aban. A zuwana na ƙarshe masinjanka ya ce mini ka tafi Kaduna, alhali ga motarka a ƙarƙashin dalbejiya, ni kuma ina jin tarinka daga ciki. Na rubuto maka wasiƙa biyu, ka yi kunnen uwar shegu da su. To, ga ta uku a jarida, tunda saura kwana goma sha biyu kwamitin ladabtarwa na kamfaninmu ya zauna a kaina, kuma abin da za su yanke shi ne ko ni ɓarawo ne ko a'a.

Shekara goma sha shida ina kan sikeli. Ni nake auna audugar manoma a fuloti, wato kasuwar auduga, wata shekarar Dandume, wata shekarar Ƙarfi, in rubuta nauyi, in ba mutum takardarsa ya je ya karɓi kuɗinsa. A tambayi manoman wuraren nan ko an taɓa kama ni da danne sikeli. Ba yabon kai nake yi ba, abin da ake shirin ƙwace mini ke nan, shi ya sa na faɗe shi.

Saboda masu karatu da ba su san yadda aikin yake ba, bari in yi bayani. Kamfaninmu yana da yarjejeniya da asibitinku. Idan ma'aikaci ba shi da lafiya sai ya zo da katinsa, likita ya duba shi, ya rubuta abin da ya gani a fayil. Daga nan fayil ya tafi ofishin kati, inda akwai wani littafi mai kauri na cututtuka, kowace cuta da lambarta. Akawu ya nemo lambar ya sa a takardar kuɗi. Duk bayan wata uku ku aika wa kamfani, kamfani ya biya. Kamfani ba ya ganin rubutun likita. Lamba yake gani, da sunan magani, da kuɗi. Ni kaina ban san haka abin yake ba sai da ya ci ni.

Yanzu ga ciwona, zan faɗe shi da bakina. Ciwon damuwa ne, irin wanda ke tafiya ya dawo. Ya fara kama ni shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinmu. Kowa ya ce baƙin ciki ne, zai wuce. Aka yi sadakar arba'in, 'yan'uwana suka koma harkokinsu, ni kuwa na kasa tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, babu inda zan nuna in ce nan ke ciwo. Jiki ne dai ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. A kawo tuwo in dube shi in kawar da kai. Ni da nake haɗa nauyin buhu arba'in a ka, sai ga ni da fensir a hannu na kasa haɗa biyu. In zauna kawai hawaye su zubo, yarana suna kallo. Har ta kai na fara ganin gidan zai fi samun sauƙi idan ba ni, Allah Ya yafe mini. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, an kai ni wurin wani mai magani a bayan Ƙarfi wanda ya karɓi ɗan akuya ya ce sammu ne daga wurin aiki. Mai ɗakina ce ta dage a kawo ni asibitinku, ta ce ai kamfani ke biya, me za a rasa?

A nan na haɗu da likitan nan Ba'indiye da kuke da shi a lokacin, Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake. Ya zauna da ni kusan awa guda, da ma'aikaciyar jinya tana fassara. Ya ce ciwo ne sananne, yana da suna, yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Ya kwantar da ni mako uku, ya ɗora ni kan wasu ƙananan ƙwayoyi masu busar da baki, na yi wata biyar ina sha. Na warke sarai, na koma kan sikelina. Shekara ta zagayo da 'yan watanni ciwon ya dawo, wannan karon ba mutuwa ba asara, a shekarar da na fi samun dawa a gonata. Ya sake dawowa sau biyu bayan nan. Kowane karo likita ya rubuta a fayil cewa ciwon nan ne dai ya dawo. Sau huɗu ke nan.

To, ashe duk shekarun nan abin da kamfani ke gani a takardunku shi ne zazzaɓin cizon sauro. Sau huɗu! Ban sani ba sai da wani mai binciken kuɗi ya zo daga Kaduna a farkon damina, ya zauna da tulin takardu yana bi layi-layi. Mutumin bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ya ga ma'aikaci ɗaya yana zazzaɓin sauro na wata biyar-biyar, ana ba shi maganin da ba a ba mai zazzaɓi, mai tsada kuma, alhali kowa ya san zazzaɓin sauro kwana uku ne da 'yan ƙwayoyin kwabbai. Ya haɗa kuɗin ya kama naira dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai. Me zai ce? Ya rubuta cewa ko dai ina karɓar magani ina sayarwa a kasuwa, ko kuwa na haɗa baki da wani a asibiti muna raba kuɗin. Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ni a kan rabin albashi, aka karɓe makullin akwatin sikeli a gaban leburorin da nake ba umarni.

Da takardar a hannuna na zo ofishin kati na sami Bayo. Ga wanda bai san shi ba, Bayo shi ne akawun da ke sa lamba, ɗan gidan Iya mai kwanoni a kasuwar Funtua. Haifaffen nan ne, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Da ya karanta takardar sai ya rufe ƙofa ya zauna ya dafe kai. Shi ya gaya mini abin da ya faru. A kwanciyata ta farko, babban wanmu, Alhaji Mamman mai taki, ya bi shi har gida. Ya riƙe masa hannu ya ce don girman iyayensa ya rufa wa gidanmu asiri, kada a rubuta wa ƙaninsa ciwon ƙwaƙwalwa a takardar da za ta shiga ofis, akawu ya gani, masinja ya gani, gobe ta kai kasuwar Bakori a ce zuri'ar Garba akwai taɓin hankali. Bai ba shi ko kwabo ba, Bayo ya rantse, kuma na yarda, don na san Alhaji da riƙon kuɗi. Bayo ya ce da ni, "Malam Isyaku, dattijo sa'an ubana ya roƙe ni rufin asiri, da wane baki zan ce masa a'a?" Ya sa lambar zazzaɓi yana ganin sau ɗaya ne. Da ciwon ya dawo sai ya ga idan ya sa ta gaskiya, ta farkon za ta tonu, sai ya maimaita. Haka har huɗu.

Wallahi da na fito ban san wa zan ji haushi ba. Mutum biyu sun so ni da alheri, sun haɗu sun shafa mini kashin kaji, ni kuma ina kwance ban san ana yi ba. Amma na ce ai abin mai sauƙi ne. Rubutun likita yana nan a fayil, na gan shi da idona, Bayo ya karanta mini. Littafin lambobi yana nan, ya buɗe ya nuna mini lambar ciwon damuwa mai dawowa, ita kaɗai a layinta. Yarjejeniyar kamfani kuma ta yarda da biyan ciwo mai dawowa. Abin da ya rage, asibiti ya rubuta layi uku ya ce an yi kuskuren lamba, ga ta daidai, a buga hatimi. Aikin minti goma. Da wannan tunanin na fara hawa matakalar ofishinka, Yallaɓai, ga kuma abin da na tarar.

Na ɗaya. Ka ce doka ba ta yarda a taɓa takardar kuɗi ba sai da hannun likitan da ya duba mara lafiya. Likitan kuwa kwantiraginsa ya ƙare, ya koma ƙasarsu tun bara. In je Indiya a kan babur ke nan? Ka tura ni wurin sabon likita, ya ce shi bai gan ni ina ciwon ba, ba zai sa hannu a abin da bai gani ba, in koma wurinka. Na dawo ka ce in zo Litinin. Haba Yallaɓai! Ai ba rubutun likita nake so a canza ba. Rubutun likita daidai yake. Lambar da ofishinka ya ɗora a kansa ce ba daidai ba, kuma ofishin kati a ƙarƙashinka yake, ba a ƙarƙashin wani likita ba.

Na biyu. A zuwana na huɗu ka ce za ka taimake ni, za a gyara takardar ƙarshe kawai, a sa mata lambar damuwa ta karo ɗaya, a bar ukun baya yadda suke tunda an riga an biya an rufe littafi. Na yi ta juya wannan taimako a hanya har Tsiga ban ga inda ya taimake ni ba. Lambar karo ɗaya cewa take yi ban taɓa yin ciwon ba sai a karon ƙarshen nan. To maganin da na sha a shekarun baya fa, na mene ne? Ka ga da hatiminka za ka tabbatar wa mai bincike cewa sau uku na karɓi maganin ciwon da ba ni da shi. Wato in shiga gaban kwamiti da shaidar sata a aljihuna, wadda ni na roƙa aka ba ni. Masu littafin nan ba banza suka raba lambar karo ɗaya da ta mai dawowa ba. Ciwona mai dawowa ne, kuma dawowar tasa ita ce dukan hujjata.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai. Ranar da ba ka nan da gaske, mataimakinka ya jawo littafin ya buɗe, ya sa yatsa a wata lamba a shafi na kusa, ya ce a sa wannan a huta. Na ce a karanta mini. Ashe ta hauka ce tuburan, irin ta mai jin muryoyi yana yayyaga tufafi. Na ce ba ita ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai duk na kai ne." Duk na kai ne! A fuloti auduga lamba-lamba ce, akwai lamba ɗaya, akwai biyu, akwai uku, kowace da kuɗinta. In na rubuta wa manomi lamba uku a kan audugarsa fara tas in ce masa ai duk auduga ce, kafin in rufe baki an kifar da ni da sikelin. Da na yarda da lambar nan, kwamiti ba zai ce ni ɓarawo ne ba, gaskiya, amma a ranar za a sallame ni a ce ban cancanci riƙe littafin awo ba, kuma babu mai sake ɗaukata ko gadi. Wannan mutum yana zaune a kan takardun marasa lafiya ɗaruruwa, Yallaɓai. Ka bincika ka ga mutum nawa ya yi wa duk na kai ne.

Sai maganar ƙananan kuɗi, wadda na so in bari amma ta ƙi barina. Sau uku ana karɓar naira biyu a hannuna da sunan kuɗin neman fayil, ga rasit ina da su, alhali fayil ɗin yana kan kanta a bayan Bayo, daga taga ma ina hango shi. An sa na yanki sabon kati wai tsohon ya tsufa. Ban sa man babur daga Tsiga zuwa Funtua sau bakwai ba, cikin ruwan sama da taɓo, biyu daga ciki da azumi a bakina. Tun da aka dakatar da ni kuma ɗakin maganinku ya daina ba ni ƙwayoyina a kan asusun kamfani, sai in saya da rabin albashi. Likitan nan kafin ya tafi ya ce in ci gaba da shan su ko na ji sauƙi, ya ja mini kunne kada in yanke su da kaina. Yau mako biyar ina raba ƙwaya biyu da reza don ta kai ni. Na san alamun ciwona kamar yadda manomi ya san hadari, kuma na fara ganinsu. Wasiƙar nan kwana huɗu na yi ina rubuta ta, abin da a da zan gama tsakanin azahar da la'asar.

Mu bar zagaye-zagaye. Na san abin da ke hana ka, domin ka faɗa mini da bakinka a zuwana na shida, bayan ka sa masinja ya fita. Ka ce idan ka rubuta cewa an yi kuskure sau huɗu, kamfani zai ce asibiti ya aika masa takardun ƙarya, yana iya soke yarjejeniya, kuma dole ka kori Bayo don a ga an yi hukunci. Ka ce in yi tunanin yaron mutane da uwarsa tsohuwa. Ikon Allah! Wato ni za a ɗora wa nauyin korar Bayo, in yi shiru a kore ni don kada a kore shi. Ina ruwan Bayo a lissafinka, Yallaɓai? Yarjejeniyarka kake tsaro, ka sa shi a gaba ka ɓuya a bayansa. Bayo da kansa ya ce mini a shirye yake ya rubuta abin da ya yi ya sa hannu, kai ka hana shi, ka mayar da shi ɗakin ajiya ya riƙa ƙirga zannuwan gado. Ban nemi a kore shi ba, ba kuma zan nema ba. Bai ci kwabona ba, bai ci na kamfani ba. Kamfani ya biya kuɗin maganin da na sha da gaske, na ciwon da yarjejeniya ta yarda da shi. Babu wanda aka cuta a kuɗi. A ja masa kunne, a koya masa cewa takardar asibiti ba wurin kara ba ce, a bar shi ya ci abincinsa.

Da na gaya wa Yaya Alhaji zan rubuta a jarida, sai ya miƙe tsaye ya ce in na yi haka na kwance wa gidanmu zane a kasuwa. Ya ce in bari a kore ni, zai sa ni a shagon taki, ba zan kwana da yunwa ba. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa, Yaya, ka fi son a ce ƙaninka ɓarawo ne da a ce ba shi da lafiya? Sai ya sa takalmi ya fita, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu a masallaci. Wannan ya fi dakatarwar yi mini ciwo, don shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu. Mai ɗakina ita cewa ta yi, rubuta, Malam, wanda ya ga ina ba ka kunu a baki da cokali ai ya riga ya sani.

Saboda haka ga shi na rubuta, kowa ya karanta, daga Funtua har Malumfashi. Ni Isyaku Garba ina da ciwon damuwa mai tafiya yana dawowa. Ya kama ni sau huɗu, na sha magani sau huɗu, na warke na koma aikina sau huɗu. Asirin da aka rufa ni na buɗe shi da hannuna, babu sauran abin da wani zai ce yana kare mini.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka buɗe fayil ɗina, ka sa sabon likita ya karanta abin da tsohon ya rubuta, ya shaida cewa haka aka rubuta, ba sai ya ce ya gani da idonsa ba. Ka rubuta wa kamfani cewa lambar da ke kan takardu huɗun nan kuskure ce, ka sa lambar damuwa mai dawowa a kan dukansu, ba ta ƙarshe kaɗai ba, ka buga hatimi. Takardar ta isa ofishin ma'aikata kafin ranar zaman kwamiti. Ka bar Bayo a bakin aikinsa. Naira shidan neman fayil na yafe.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Yallaɓai, Ya raya maka zuri'a, Ya tsare ka da irin wannan ciwo, kai da duk wanda kake ƙauna, domin ba na fatansa ko ga wanda ya ce duk na kai ne. Allah Ya ba ka ikon yin abin da ka san shi ne daidai.

Ko da takardarka ko babu, zan shiga gaban kwamiti in faɗi abin da na faɗa a nan. Sai dai na san aikin ofis, ni ma akawu ne. Ba za su karɓi maganar bakina ba, lamba suke karɓa, lambar kuwa tana hannunka. 'Ya'yana biyar za su iya tashi a Tsiga ana cewa ubansu yana fama da damuwa. Kada ka sa su tashi ana nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda ya saci maganin asibiti.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Isyaku Garba, akawun awo,
Tsiga.